Abin da ganyen shuwaka ya koya min a lab

A shekararmu ta ƙarshe a sashen kimiyyar abinci malamina ya ba ni aikin nemo ganyen gida da zai maye gurbin hofs, furen nan da Turawa ke sa wa giya don ta yi ɗaci. Hofs ba ya yi a ƙasarmu Najeriya, yana son dogon yinin bazarar ƙasashen sanyi, kuma tun da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanoni suka koma kan dawa, masu bincike ke ta gwada shuwaka da namijin goro da darbejiya. Su ma Turawan da ganyayen daji suke yi a da, kafin hofs ya yaɗu, har dokar yankin Babariya na Jamus ta 1516 ta ce ruwa da sha'ir da hofs kawai za a sa a giya.

Ni ba na shan giya, ruwan tsiron dawa nake ɗanɗanawa kafin a zuba yis ɗin da ke mai da shi giya. Karon farko na auna busasshiyar shuwaka daidai nauyin da ake sa hofs na bar ta tana tafasa awa guda, don haka littafi ya ce, ai kuwa ruwan ya koma kore-kore da kumfa a sama, ɗacin ya maƙale min a maƙogwaro har la'asar. Ashe shi hofs sai ya daɗe a wuta sinadarinsa ke juyewa ya narke, ita kuwa shuwaka ɗacinta a kusa yake.

Wata dattijuwa da nake sayen ganyen a wurinta ce ta warware min. Ta ce, "Ɗana, wa ya ce maka ana dafa shuwaka ba a murje ta ba? Ka wanke sau biyu, na ukun ka ɗanɗana." Na ce, "To Mama, na gode." Haka na yi, na rage yawanta, na jefa ta minti goma kafin saukewa, ɗacin ya zauna daidai, har da ɗan zaƙin nan da take bari a baki.

Sai dai akwai aikin hofs da ban lura da shi ba, yana danne ƙwayoyin bakteriyar da ke sa tsami. Kwalaben da na sa wa shuwaka sun riga na hofs yin tsami, dole na koma ina dafa kowace kwalba da murfinta kafin in zuba komai, kuma wannan babin ne malam ya fi tsare ni da tambayoyi a kai ranar kare aikin.