Asabar ɗinmu a gidan namun dajin Kuala Lumpur

Wanda ya zo karatu Malesiya da iyali, watannin farko ba ya sanin ko'ina sai wurare uku: jami'a, kasuwa, da ofishin da ake sabunta biza. Mu ma haka muka yi a Gombak, inda muke zaune a gefen birnin Kuala Lumpur. Ni ina fama da malamin da ke duba aikina, uwargida tana fama da yara biyu a bene hawa na sha ɗaya, babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za a leƙa a ce mata "ina gajiya". Ita ce ta fara gajiya da zaman. Wani dare ta ce, "Malam, yaran nan fa sun fara zaton duniya daga lifta take farawa, a lifta take ƙarewa." Ban ja da ita ba. Da Asabar ta zo muka kira motar haya ta manhajar Grab, muka nufi Zoo Negara, gidan namun daji na ƙasa.

Wurin ba shi da nisa da mu, yana Ulu Klang, a gefen birni ta arewa maso gabas. Firayim ministan ƙasar na farko, Tunku Abdul Rahman, shi ya buɗe shi a Nuwamban 1963, kuma ƙungiya ce mai zaman kanta take tafiyar da shi, a fili mai kusan eka 110. A bakin ƙofa kuɗin shiga kashi-kashi ne. Ɗan ƙasa mai katin MyKad da nasa farashi, baƙo ɗan yawon buɗe ido yana biyan kusan ninki biyu, mu kuma masu takardar zama an ajiye mu kusa da 'yan ƙasa. Na miƙa katina na ɗalibi, matar ta duba, ta duba fasfon uwargida, ta buga mana farashin mazauna. Abin ƙarami ne, amma na ji daɗinsa fiye da yadda ya kamata babban mutum ya ji daɗin ragin 'yan ringit.

Duk Bahaushe yana ganin ya san zafi. Wanda ya yi azumi a Sakkwato cikin Afrilu, wa zai koya masa? To zafin nan wani iri ne. Ma'aunin bai cika wuce digiri 33 ba, amma iskar a jiƙe take, zufa ta fito ta rasa inda za ta. Kafin mu zagaye tafkin da ke tsakiyar gidan rigata ta manne da bayana, kuma ranar na daina sa shadda idan zan yi tafiyar ƙafa a garin nan. A kan bishiyoyin tafkin akwai wasu manyan tsuntsaye dangin shamuwa, masu dogon baki ruwan ɗorawa. Ba a kulle suke ba, suna tashi su shiga gari su dawo abinsu.

Mun wuce ɓangaren dabbobin Afirka da ɗan sauri, raƙumin dawa da jakin dawa da jimina. Babbar 'yata ta tambaya ko a garinmu ma haka suke yawo, na ce mata ni kaina a Gidan Zoo na Audu Bako da ke Kano na fara ganin zaki, muna yara, ranar yawon sallah. Uwargida ta ce in kuma ba ta labarin goggon birin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 6.8 a can a 2019, har gwamna ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Na ce wannan sai ta girma.

Inda muka daɗe shi ne gaban wata dabba da ban taɓa sanin Allah ya halicce ta ba, wadda ake kira tapir. Jikinta ya kai na ɗan maraƙi ƙosasshe ko ya fi, ƙafafu gajeru, hanci ya ɗan zazzago yana motsi, da shi take jawo ganye zuwa baki. Gabanta da ƙafafunta baƙi ƙirin, daga kafaɗa zuwa ƙugu kuma fari, da iyaka a miƙe tsakani. Autana ya ce an ɗaura mata zani ne. Ta shiga ruwa ta nutse sai hancin kawai a sama, ta fito ta girgije, ta kwanta a inuwa ta juya mana baya. Wani dattijo Bamalaye da ke tsaye da jikokinsa ya ce min dangin doki da karkanda ce, da dare take kiwo, kuma wannan launin nata ɓatar da ita yake a duhun kurmi. Ya ce yanzu an fi jin labarinta idan mota ta buge ta a sababbin titunan da suka ratsa daji. Na ce, "Pakcik," wato baffa a harshensu, "kai ka taɓa ganinta a daji?" Ya ce mahaifinsa dai ya gani.

Damisar Malaya kuwa ko'ina ka juya a ƙasar nan tana nan. Biyu ne riƙe da tambarin ƙasa, kanta ne a jikin bankin Maybank, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ma Harimau Malaya ake ce mata, wato Damisar Malaya. A shekarun 1950 an ƙiyasta akwai kusan 3,000 a dazukan ƙasar. Yau hukumomi suna cewa ba su kai 150 ba. Wadda muka gani tana ta kai da komowa a bakin ruwa, hanya ɗaya, har sawunta ya cinye ciyawar wurin. Karkandar Sumatra ma ba a maganarta, ta ƙarshe a Malesiya ta mutu a Sabah a Nuwamban 2019.

A nan ne hankalina ya koma kan hanyar da ta kawo mu daga filin jirgi ranar da muka sauka: kwakwar manja hagu da dama, layi-layi, iyakar ganinka. A gida kullum ana cewa Malesiya daga Najeriya ta karɓi iri a shekarun 1960, ga shi ta wuce mu. Gaskiya ne bishiyar 'yar Afirka ta Yamma ce, kuma gaskiya ne a farkon shekarun 1960 Najeriya na sahun gaba a duniya wajen manja. Amma tun a ƙarni na 19 Turawa suka kawo ta yankin nan, kuma gonar kasuwanci ta farko an dasa ta ne a Tennamaram, cikin jihar Selangor, a 1917. Yau kwakwar ta mamaye fiye da hekta miliyan 5, Malesiya ce ta biyu a duniya bayan Indonesiya. Da yawan wannan ƙasa kurmi ce a da. Ba manja kaɗai ya ƙarar da damisa ba, akwai masu ɗana tarkon waya, akwai masu saran katako, kuma dabbobin da take ci ma sun ragu. Amma mai yi wa Malesiya sha'awar arzikin manja ya kamata ya zo ya tsaya gaban wannan keji na minti goma. Mu da muka rasa namun dajinmu ba tare da mun samu arzikin ba, bakinmu bai kamata ya yi tsawo ba.

Azahar muka yi a ƙaramin masallacin da ke ciki, irin wanda ake samu a kowace tasha da kowane kanti a ƙasar nan, kuma wannan na cikin abin da ya sauƙaƙa mana zama. Muka ci nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da yajin sambal, da soyayyar gyaɗa da ƙananan kifi. Uwargida, wadda wata uku tana cewa shinkafar da zaƙi-zaƙi ba abinci ba ce, ta cinye tata ta taɓa ta yara.

Ɗakin fanda, dabbar nan ta ƙasar Sin mai launin baƙi da fari, muka shiga daga ƙarshe. Biyun da muka tarar, Xing Xing da Liang Liang, ƙasar Sin ce ta ba da aronsu a 2014, cikar shekara 40 da ƙulla hulɗar jakadanci, kuma an mayar da su a 2025. Ɗaya yana barci, ɗaya yana cin gora a kishingiɗe. Ɗakin na da na'urar sanyaya iska, kuma ina kyautata zaton rabin mutanen da suka ƙi fita ba don fandar suka tsaya ba. Muna ciki ruwan la'asar ya kece, irin wanda laima ba ta yi masa komai.

Direban da ya mayar da mu gida na yi masa zancen kurmi da damisa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi ɗan FELDA ne, shirin da gwamnati ta kafa a 1956 tana raba wa talakawan karkara gonaki. An ba mahaifinsa eka goma, da kuɗin manja aka yi musu makaranta su shida, ɗaya ma yanzu likita ce. Ya ce shi ma yana son damisa, amma kafin gonar nan gidansu ba sa cin abinci sau uku. Daga nan ya tambaye ni nawa ake sayar da litar manja a Kano. Da na lissafa masa a ringit, ya ce in sake lissafin.