Godiya ga Duk Wanda Ya Zo Bakin Kogi Ranar Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, taron karrama yayyenmu da suka wakilci Najeriya a tseren kwale-kwale a ƙasashen waje ya yi armashi, kuma kowa ya koma gida lafiya. A madadin tsofaffin 'yan ƙungiyar tuƙi ta jami'armu nake wannan godiya, da zuciya ɗaya.

Mun zaɓi lambun Hassan Usman Katsina, wanda mu dai har gobe Gamji muke ce masa, saboda ba mu ga dalilin karrama mutanen ruwa a cikin ɗakin taro ba. Mun jera kujeru suna fuskantar Kogin Kaduna, hoton haɗin gwiwa kuma muka ɗauka kusa da tsohuwar gadar Gwamna Lugga, wadda aka ɗauko daga Zungeru a 1954. Mun fara a makare, dattawa suka zauna cikin iskar hunturu ba wanda ya yi ƙorafi. A yi mana afuwa.

Mutum biyar muka karrama. Huɗu sun zo da ƙafarsu, ɗaya tun daga Sakkwato. Na biyar ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, mai ɗakinsa ce ta karɓa masa. Hajiya, mun gode da kika daure kika fito. Da kika rungume allon nan kika kasa magana, mu ma da ke tsaye kasawa muka yi.

Ɗaliban yanzu da suka zo, ina fata kun ji abin da babban yayanmu ya faɗa. A jirgin katako irin na masunta suka koyi tuƙi, suna kallon inda suka dosa. Sai da suka sauka a ƙasar mutane suka fara zama a cikin jirgin tsere na gaske: siriri, kujerarsa tana zamewa gaba da baya, mutum ya juya wa inda za shi baya, kuma ƙafa ce ke yin yawancin aikin, ba damtse ba. Kwana kaɗan aka ba su su saba, sannan aka jera su da 'yan Masar da Tunisiya, waɗanda suka tashi a cikin irin wannan jirgi, aka ce mita 2,000, bismillah. Ya ce bai zo na ɗaya ba, bai kuma zo na biyu ba, amma ya kai ƙarshe da kore da fari a jikinsa. Wata ɗaliba ta tambaya ko Najeriya ta taɓa zuwa Olamfik a wannan wasa. Ta je, ƙanwata. Chierika Ukogu ce ta fara, a Riyo a 2016, Esther Toko ta biyo baya a Tokiyo a 2021. Yayyenmu ba su kai can ba, amma sun fita a lokacin da ko a gidajensu ana yi musu kallon masu wasa da rai.

Godiyar da ta fi tsaya mini a rai ta Baba ce, tsohon masuncin nan na Kabala. Bai taɓa shiga aji a jami'a ba, bai taɓa riƙe fasfo ba, amma duk su biyar shi ya nuna musu yadda ake riƙon filafili da yadda ake gane dutse a ƙarƙashin ruwa tun daga launin samansa. Ba ya cikin jerin waɗanda za a kira. Yayyenmu ne da kansu suka tashi suka riƙo hannunsa zuwa gaba, suka yafa masa babbar riga. Na gaisa da shi, tafin hannunsa duk kanta, kamar ɓawon itace. Ashe ya zo da wani tsohon filafili da ya tsage aka ɗaure da waya, ya ce da shi marigayi ya fara koyo, shekara da shekaru yana ajiye da shi a bayan ƙofa. Ya miƙa wa ɗan marigayin. Baba, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Mun gode wa masuntan Kabala da suka ara mana jirage uku, suka kuma tsaya a ruwa suna lura da yara har aka gama ɗan tseren nuni. Mun gode wa iyayenmu mata da suka kwana a kan waina da miyar taushe, da malamanmu da suka zo ba tare da an aika musu mota ba, da duk wanda ya sa hannu a aljihu ya ce kada a ambaci sunansa. Allah Ya mayar muku da ninkinsa.

Roƙo ɗaya ya rage. Hajiya ta ce 'ya'yanta ba su taɓa ganin hoton mahaifinsu a cikin jirgi ba, domin ruwan da ya shiga gidansu wata damina ya lalata wanda suke da shi. Duk wanda ke da hoton wancan zamani, ko da ya koɗe, don Allah ya kawo mini in wanke mata, zan mayar masa da nasa.