Kwana uku a Fairbanks kafin in shiga daji

Da na sauka a Fairbanks, wani gari a jihar Alaska ta Amurka, a tsakiyar watan Yuni, ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta wuce, amma rana na nan a sama kamar la'asar sakaliya. Na tsaya a ƙofar filin jirgi da jakata a hannu, na duba agogo, na duba sama, na sake duba agogo. A kwanakin nan rana kan yi kusan awa 22 ba ta faɗi ba, in ma ta faɗi duhu ba ya zuwa. Tun kafin in taso na tambayi malamai yadda zan yi da magariba da isha'i da asuba, amma jin labari daban, gani da ido daban.

Niyyata in kwana ɗaya in kama hanyar arewa. Sai da na yi uku, kuma ban yi da-na-sani ba.

Garin ba shi da wani ƙawa. Neman zinariya ne ya kafa shi: E.T. Barnette ya kafa wurin ciniki a bakin kogin Chena a 1901, Felix Pedro ya tono zinariya a kusa a 1902, mutane suka yi ca. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne wayar lantarki da ke leƙowa daga hancin kusan kowace mota. Da sanyi ake jona ta da wuta don kada injin ya daskare. Wannan 'yar wayar ta gaya mini irin lokacin sanyin garin fiye da duk abin da na karanta.

Hanyar da nake so ita ce Dalton, mai tsawon mil 414 har zuwa Deadhorse, kusa da tekun Aktik. An yi ta ne saboda aikin bututun mai na Alaska, wanda aka kammala a 1977, kuma har yau ta manyan motoci ce. Yawancin kamfanonin hayar mota ba sa yarda a hau ta da motarsu. Dattijon da ya ba ni mota bai miƙo makulli ba sai da ya buɗe bayanta ya nuna mini tayoyin safaya biyu, ya sa na kunna rediyon da direbobi ke magana da juna, ya kuma sa na maimaita masa abin da zan yi in na hango tirela: in rage gudu, in raɓe gefe. Na ɗan ji haushi a lokacin, kamar ya mai da ni yaro. Allah ya saka masa da alheri. Kafin gadar kogin Yukon wata tirela ta watso tsakuwa, ɗaya ta tsaga gilashin gaba daga ƙasa har tsakiya. Da gudu nake, da labarin ya sha bamban.

A Fairbanks ɗin na sayi feshin barkono na korar beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, da ragar rufe fuska saboda sauro. Kada kowa ya raina sauron can. Na tsaya shan shayi a wajen allon da ke nuna an shiga da'irar Aktik, wato yankin can ƙuryar arewacin duniya, a mil na 115, kafin in kai kofi baki sun rufe bayan hannuna baƙi ƙirin.

Bututun man yana bin hanya kamar abokin tafiya. A wurare da yawa an ɗaga shi a kan ƙafafun ƙarfe, domin ƙasar da ke ƙarƙashi a daskare take shekara da shekaru, man kuma da ɗuminsa yake tafiya. In aka binne shi, ƙasar ta narke, sai ya nutse. Bishiyoyin ma sun san da haka, ga su nan gajeru, sirara, wasu sun karkace.

A wani ɗan zango mai suna Coldfoot na tsaya, mil na 175. Daga nan zuwa Deadhorse kusan mil 240 ne babu gidan mai. Yamma da hanyar kuma gandun dajin Gates of the Arctic ne, wanda babu titi ko turba ko ɗaya a cikinsa. Ko ka shiga da ƙafa, ko ƙaramin jirgi ya ajiye ka. Ban yi nisa ba. Na taka na awa biyu kawai a kan ciyawa mai lumewa kamar katifa jiƙaƙƙiya, ina tafe ina ɗaga murya kamar yadda aka koya mini, don kada in yi wa beyar ba-zata. Da na yi shiru, babu abin da nake ji sai ruwa yana gudu a kan duwatsu. Nan na shimfiɗa rigata na yi sallah, feshin barkonon yana ajiye kusa da gwiwata.