Shekarun da Na Yi Ina Ji wa Wasu Wa'azi

Ina ɗan shekara 19 na haddace Markus sura 4 kusan gaba ɗaya, saboda gasar Littafi Mai Tsarki ta matasan ikilisiyarmu. Ko daga barci ka tashe ni zan jero maka ƙasa huɗun nan da Yesu ya ambata a misalin mai shuka, inda iri shi ne Maganar Allah, ƙasa kuwa masu jinta: bakin hanya, wuri mai duwatsu, cikin ƙaya, da ƙasa mai kyau mai ba da riɓi 30, 60 har 100. Ban taɓa tambayar kaina wacce ce ni a ciki ba. Ai na ɗauka wanda ya ci gasa ba sai an tambaye shi ba.

Ga yadda nake zuwa sujada a lokacin. In zauna a bencin baya, biro a hannu, ina jiran fasto ya yi tuntuɓe. Ya ce aya 12 alhali 13 ce, na rubuta. Ya ja wa'azi, na duba agogo. In kuwa magana ta yi zafi, sai in rarraba ta kamar naman watanda: wannan ta mai tsegumin nan ce, wannan ta dattijon da ke son girma. Ni dai in tashi hannu rabbana.

Wata Lahadi aka yi wa'azi a kan gafara. Lokacin shekara biyu ke nan ba na gaida baffana saboda rikicin iyakar gona. Muna fita na ce wa wata tsohuwa 'yar zumuntar mata, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, "Mama, yau da Baffa ya zo da ya ji nasa." Ta gyara ɗankwalinta, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, shi bai zo ba. Kai ka zo." Ta wuce abinta.

Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba. Sai da dare na tuna annabi Natan a 2 Sama'ila sura 12. Sarki Dawuda ya ji daga bakinsa labarin mai arzikin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, ya fusata, ya yanke hukunci, bai san da shi ake ba sai da aka ce masa shi ne mutumin. Wannan labarin ma na san shi, har na koyar da shi ga yara.

Ƙannena, ku lura da turbar da ta ratsa gona. Ƙasarta ɗaya ce da ta kunyar da ke gefenta, sawu ne kawai ya daddaɓe ta. Mu da muka tashi a cikin ikilisiya wannan ne haɗarinmu: Maganar ta bi ta kanmu sau dubu har mun zama fako. Sabon tuba yakan ji aya ya yi hawaye, mu kuwa mu ce mun san wannan.

Amma fako ma yana farfaɗowa. Manoman yankin Tawa a Nijar suna da dabarar da suke kira tassa. Da rani sukan haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta mutu, su zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru a ramin maimakon ya gangare. Ba sa kafce filin duka rana ɗaya. Rami-rami ne.

Haka na fara. Na koma bencin gaba. Biron bai bar hannuna ba, sai dai yanzu abu ɗaya nake rubutawa: me wannan ya taɓa a rayuwata, kuma me zan yi kafin Lahadi mai zuwa? Yakubu 1:22 ke nan a aikace: mu zama masu aikata Maganar, ba masu ji kawai ba. Tantance wa'azi ba laifi ba ne, mutanen Biriya ma, garin da manzo Bulus ya yi wa'azi, sun yi ta binciken Nassi kowace rana, amma Ayyukan Manzanni 17:11 ta fara da cewa sun karɓi Maganar da marmari. Ni binciken na ɗauka na bar marmarin. Wayar ma ku kashe ta, a misalin tsuntsaye ne suka tsince irin da ya faɗi a bakin hanya, tsuntsayen zamaninmu kuwa a aljihu suke.

Ramina na farko shi ne ƙofar gidan Baffa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ƙyar, idonsa na kan igiyar da yake tufka. Sai a zuwa na huɗu ya ce a kawo mini tabarma.