Lambar da ke kan takarda da ciwon da ke jikin mutum

Kuskuren da ya fi tsada a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata shi ne auna zafin ciwo mutum yana kwance lamo. Jiya aka yi masa aikin ciki, ka tsaya a kansa ka ce, "Baba, daga 0 zuwa 10, ciwon nan ya kai nawa?" (0 na nufin babu ciwo, 10 kuwa ciwo mafi tsanani.) Ya ce 2, ka rubuta, ka wuce. Alhali ya samu 2 ɗin ne don ya daskare wuri guda, numfashi sama-sama, tari ya zo ya haɗiye. Kwana biyu majina ta taru a ƙasan huhu, zazzaɓi ya tashi. Da an ce ya yi tari ko ya juya, da an ga ya dafe ciki da hannu biyu yana cewa 8. Shi ya sa lamba biyu ake rubutawa, ta kwance da ta motsi, kuma ta biyun ce ke nuna ko magani ya isa.

Akwai manyan ma'aikatan asibiti da in sun zo zagayen duba majinyata ba abin da suke so sai su ga 3 zuwa ƙasa. Ba sa tambayar yadda aka samo ta, amma ranar da huhu ya kamu, na ƙasa ake tsarewa da tambaya.

Ba sai ciwo ya koma 0 ake cewa magani ya yi ba. Idan ya ragu da kashi 30 cikin 100, wato kamar maki 2, majinyaci yakan ji bambanci; kashi 50 kuwa babban sauƙi ne. A sake aunawa bayan minti 15 zuwa 30 in ta jijiya aka ba shi maganin, bayan awa ɗaya in na sha ne. Wanda aka yi wa allurar mofin, wato maganin ciwo mai ƙarfi da ke iya sa barci da rage numfashi, barcinsa ba shaidar sauƙi ba ne. In yana gyangyaɗi ana cikin magana da shi, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. Ƙasa da 10, a dakatar da maganin a kira likita.

Lambar ta majinyaci ce, ba a rage masa don an ga yana hira. Ƙaramin yaro da tsohon da ya rikice, fuska da kuka da motsin jiki ake karantawa. Ciwon da ya haura wata 3 kuwa, tambayi barci da tafiya da aikin da ya iya komawa.