Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Zuciyar Auta a Dama Take

A makon jiya na tsaya a inda likita ya ɗora abin sauraren ƙirji a hagun Auta, ya yi shiru, ya matsar, ya sake yin shiru. Sai da ya kai shi dama fuskarsa ta saki. Ya ce a ɗauko hoton ƙirji.

Mai ɗaukar hoton ya zaci shi ya rikita alamar hagu da dama, har ya ba mu haƙuri, aka sake. Na biyun ma haka ya fito. Da aka yi sikanin ɗin ciki, hanta tana hagu, tumbi da saifa suna dama, tamkar mutum a madubi.

Abin da ban taɓa gaya wa ko babansa ba: tun yana jinjiri, in na ɗora tafina a ƙirjinsa yana barci, a dama nake jin bugun. Shekara 4 ina ƙaryata hannuna.

"Likita, wani abu na ci ko na sha da cikinsa?"

"Maman yaro, ba laifinki ba ne."

Ya ce sunan abin situs inversus, kuma ana samunsa a kusan haihuwa 1 cikin 10,000. Wajen mako na 3 da shigar ciki, lokacin da mace ma ba lallai ta san tana da juna biyu ba, akwai wasu 'yan mitsitsin gashi a jikin ɗan tayi masu kaɗa ruwa zuwa hagu. Kaɗawar nan ce ke nuna wa kayan ciki mazauninsu. In ta samu tangarɗa, tsarin na iya juyewa.

Abin mamaki, juyewar gaba ɗaya ita ce mai sauƙi, yawancin masu ita har su tsufa lafiya lau. Wadda ake tsoro ita ce rabi da rabi, don ta fi zuwa da ciwon zuciya. Sai dai ya ja min kunne: duk likitan da zai taɓa yaron nan, in faɗa masa tun daga bakin ƙofa, domin ko afendis ne ya kama shi, yana hagu.

Har na saɓa shi zan fita, ya ce, "Tarin nan da majina, tun yaushe?"

Na ce tun satin haihuwarsa, ba su taɓa ɗaukewa ba.

Ya ajiye biro. Ya ce irin waɗannan gashin su ne ke share hanyar numfashi, kuma akwai wani ciwo mai suna Kartagener da yake son a gwada. Na koma na zauna.

Mu haɗu mako mai zuwa.