Laraba: sitiroberin Jos da shinkafar daji a fadamar Argungu

Da hantsi ƙanwata ta iso daga Jos da ɗan kwalin sitiroberi, irin wanda ake nomawa a Chaha kusa da Vom. Rabinsa ya riga ya yi ruwa a mota. Kawu ya jefa ɗaya a baki, ya yamutse fuska don tsami, sannan ya ce, "Kai da kake malamin gona, me zai hana mu gwada shi a fadama?"

Na ce, "Kawu, ɗan sanyi ne, zafin Argungu zai ƙone shi."

Tambayar ta zauna mini har la'asar, domin wannan ɗan itace shi kansa haɗi ne. A 1714 wani injiniyan sojan Faransa mai suna Frézier ya dawo daga Chile da tsiro biyar masu manyan 'ya'ya, duk mata, suka ƙi haihuwar kirki. Sai da aka dasa su kusa da wani irin daji na Amurka ta Arewa aka samu barbara, kuma daga nan ne sitiroberin da duniya ke ci yau ya fito. Tun daga lokacin kusan auren zumunci ake ta yi masa, gida bai ƙoshi ba ana ta juya jini ɗaya. Wani bincike na 1987 ya bi salsalar ire-iren Amurka ta Arewa, ya tarar duk daga tushe 53 suka fito. Ga shi kuma manomi yaɗon yake yanka ya dasa, wato gona guda tsiro ɗaya ne aka maimaita. Cutar da ta kama ɗaya ta kama duka.

Shi ya sa masana ke komawa daji. Royce Bringhurst na Jami'ar Kalifoniya ya samo wani sitiroberin daji a duwatsun Wasatch na jihar Utah, mai yin fure ko yini ya yi tsawo ko ya gajarta. Ɗan ƙarami ne, ba mai kallonsa a kasuwa. Sai da aka yi ta mayar da 'ya'yansa ana haɗawa da na gida, zuriya bayan zuriya, kafin a 1979 a fitar da ire-iren da suka tsawaita kakar girbi. Wannan haƙurin ne ya fi burge ni.

Bayan la'asar na raka Kawu gonar rani. Yara na cire ciyawa a bakin kwalbati, cikinta har da shinkafar dajin nan mai dogon gashi a kan zangarniya, wadda saiwarta ke rarrafe a ƙarƙashin laka. Na ɗauki ɗaya na riƙe. Daga irinta da aka samo a Mali aka ciro ƙwayar halittar da ke kare shinkafa daga cutar ƙunar ganye. Haka ma Monty Jones na Saliyo ya haɗa shinkafarmu ta Afirka da ta Asiya ya samar da sabon irin shinkafa mai suna NERICA, har ya samu kyautar abinci ta duniya a 2004. Mu kuwa duk inda ka waiga shinkafar zamani FARO 44 ce, jar shinkafar kakanninmu mai tashi da ruwa idan ambaliya ta zo tana ɓacewa daga rumbuna. Abin yana damuna ƙwarai.

Kawu ya saurare ni tsaf, ya ce, "Ɗana, wannan tsiyar kafin ka kai lauje ta zube ƙasa, kuma in ta shiga gona ba ta fita." Gaskiyarsa ce, ba zan ce ya bar ta cikin amfaninsa ba. Na dai roƙe shi kada a ƙone ta bakin tafki, ya ce zai duba. Ya kuma ce akwai wata tsohuwa a ƙauyen gaba da har yanzu take ajiye irin jar shinkafa a tulu. Gobe in Allah ya kai mu zan je in sayi mudu biyu, in tambaye ta sunan da suke kiranta da shi da lokacin shukarta.